Gwiwar Hajiya ta ƙi lanƙwasuwa bayan tiyata: me ya kamata a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Gwammaja nake rubutowa. Mahaifiyata ce, mai shekara 67, aka yi wa aikin canjin gwiwar dama, yau sati biyar ke nan. Ciwon ya warke, an cire ɗinki, tana takawa da sanda. Sai dai gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Likitan gashi ya auna ya ce digiri 75 take kaiwa. In ana motsa mata ƙafar har hawaye take yi, shi ya sa yayyena suka ce a ƙyale ta ta huta sai ƙafar ta yi ƙwari. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce a kira maɗori. Ita dai Hajiya babbar damuwarta ita ce ko za ta koma yin salla a ƙasa. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannunku da jinya, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, don kada ya ɓace a cikin dogon bayani: kada a ƙyale gwiwar nan ta huta, kada a kira maɗori, kuma a cikin satin nan a koma wurin likitan da ya yi aikin a gaya masa wannan lamba ta 75. Ba abin tashin hankali ba ne, amma ba abin da za a ce sai an ga hali ba ne.

Na san yayyenki tausayi ne ya sa suka faɗi haka, kuma ba wanda zai ga hawayen mahaifiyarsa zuciyarsa ba ta karye ba. Amma sun ɗauki aikin gwiwa kamar karaya, wadda ake ɗaurewa a jira ƙashi ya kama. Nan ba haka ba ne. Abin da likita ya yi shi ne ya sassaƙe saman ƙashin cinya da na ƙwauri inda guringuntsi ya cinye, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai ƙarfi a tsakani. Galibi da wani irin siminti na ƙashi ake manne ƙarfen, wanda ke kamawa tun ana ɗakin tiyata. Shi ya sa ake tayar da mara lafiya ya taka a ranar ko washegari. Ƙarfen ba ya jiran komai. Abin da ke warkewa shi ne naman da aka yanka aka shiga, kuma jiki yana ɗinke irin wannan yanka da wani nama mai kama da zare, irin wanda ke yin tabo a fata. A makonnin farko wannan tabon ciki yana da laushi, yana bin duk inda aka ja shi. In ana lanƙwasa gwiwar kullum, sai ya jeru ya bar wa gaɓar hanya. In an bar ta a miƙe, sai ya manne ƙoƙon gwiwa da tsokar cinya da ƙashi wuri guda, ya yi ta ƙara tauri. Wata uku na farko su ne damar. Bayan nan ana iya ƙaruwa, har zuwa shekara ma, amma kaɗan-kaɗan kuma da wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gwiwar Hajiya yanzu ɗanya ce.

Don ku fahimci inda take, ga abin da lambobin ke nufi. Ƙafa a miƙe sar ita ce sifili. Zama a kan kujera, ƙwauri ya sauka tsaye zuwa ƙasa, shi ne digiri 90. Tafiya a fili tana buƙatar kamar 60 zuwa 65 ne kawai, wannan ne dalilin da ya sa Hajiya ke takawa har mutanen gida suke ganin ai komai ya yi daidai. Hawa bene yana neman wajen 85, sauka kuma ya fi hawa nema, 90 zuwa 100. Tashi daga kujera ba tare da an dafa ba yana so a wuce 90, in kujerar gajera ce ma sai an haura 100. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin nan suna tsayawa tsakanin 110 da 125 in an gama gashi. Mu abin da muke so shi ne a kai 90 a cikin sati biyu zuwa uku na farko, a wuce 100 wajen sati na shida. To 75 a sati na biyar yana baya, amma na ga waɗanda suka taso daga nan suka kai inda ake so, da aka gano abin da ya tsayar da su.

Abu ɗaya da ya kamata ku tuna: yaya gwiwar take kafin aikin? Babu abin da ya fi wannan nuna inda za ta tsaya bayan aiki. Iyayenmu mata da yawa suna shekara goma suna fama da ciwon gwiwa, ana shafe-shafe ana cewa sanyi ne, sai ƙafar ta gwame ta sandare sannan a yarda a je asibiti. In Hajiya da ma ba ta wuce 90 kafin a yi mata aiki, tsokokinta sun riga sun gajarce, kuma burinmu zai zama daidai da hakan. Ciwon suga ma yana ƙara sa gaɓa ta yi tauri, don haka in tana da shi, a riƙa auna shi a tabbata yana daidai.

A abin da na gani, abu biyu ne ke tsayar da gwiwa a wannan lokaci, kumburi da zafi, kuma kumburin ne mutane suka fi rainawa. Gwiwa kamar salka ce, in ta cika da ruwa ba ta naɗuwa, ko wane ne ya danna ta. Ƙari a kan haka, ruwan da ke cikin gaɓar yana kashe wa tsokar gaban cinya ƙarfi, sai ƙafar ta yi nauyi. Saboda haka kafin a yi maganar motsa jiki, a fara da rage kumburi. Hajiya ta kwanta rigingine, a ɗora ƙafar gaba ɗaya a kan filo biyu ko uku har diddige ya fi ƙirji tudu, tana motsa idon sawu sama da ƙasa, sau uku ko huɗu a rana. A sa ƙanƙara na minti 15 zuwa 20, musamman bayan atisaye. Na san halin wuta a garin nan. Ba sai an sayi wata jaka ta musamman ba, ledar fiya wata guda biyu ko uku da suka daskare, daga masu sayar da ƙanƙara na unguwa, a naɗe a tawul mai ɗan danshi, sun wadatar. Kada dai ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, domin gefen tabon ta waje yakan mutu, wato ya daina ji, ba za ta ji ba ko da sanyin ya fara ƙona ta. Wannan mutuwar fatar ba matsala ba ce, wata 'yar jijiya ce da yankan ke bi ta kanta, kuma wurin yana raguwa a hankali.

Wannan dalilin ne kuma ya sa nake hana gasa gwiwar da ruwan zafi da tsumma kamar yadda muka saba. Sunan aikinmu ma gashi ake kiransa, sai mutane su ɗauka zafi ne maganin komai. Gwiwar da aka yi wa aiki sati biyar da suka wuce da zafinta a ciki, ƙara mata wani kumburi kawai zai jawo, ga haɗarin ƙuna. In ana so a sassauta tsoka, a sa ɗumi a cinya, sama da gwiwar, ba a kanta ba.

Zan ɗan tsaya a kan 'yan dubiya, domin abu ne da ba a rubuta shi a takardar sallama amma yana cinye ranar mara lafiya. Daga hantsi zuwa magariba falo a cike, Hajiya na zaune ana gaisawa, ƙafa a rataye tana tara ruwa, ko kuma an tura mata filo ƙarƙashin gwiwa don ta ji daɗi. Kunya ba za ta bar ta ta ce a ba ta wuri ba. Ku 'ya'yanta ne za ku yi mata wannan. In lokacin atisaye ya yi, a ba baƙi haƙuri a shiga da ita ɗaki, ko ta yi a gabansu in mata ne 'yan'uwa. Zumunci ba zai ɓaci don minti goma ba.

Shi kuwa filon nan na ƙarƙashin gwiwa, a cire shi yau. Kowa hankalinsa na kan lanƙwasawa, amma miƙewa sar ta fi ta muhimmanci ga tafiya. Gwiwar da ta rasa digiri 10 na miƙewa tana sa ɗingishi, tana gajiyar da cinya, tana jawo ciwon baya, kuma ta fi wuyar gyara daga baya. A naɗe tawul a sa ƙarƙashin diddige, a bar gwiwar a sarari ta sauka da nauyinta na minti biyar zuwa goma, tana matse tsokar cinya kamar za ta danna bayan gwiwar ƙasa.

Sai zafi. Ba jarumta ba ce a yi atisaye ba magani. In jiki ya ji zafi mai tsanani, tsoka ce ke ƙanƙamewa don ta kare gaɓar, sai mai gashi ya zama yana kokawa da cinyar Hajiya, gaɓar kuwa ko motsi. Ta sha maganin da likita ya rubuta kamar rabin awa zuwa minti 45 kafin a fara. In maganin ya ƙare ko ba ya yi mata, likitan za a gaya wa. Kada a je kemis a haɗo mata na ciwon jiki, domin irin su diclofenac da ibuprofen suna iya taɓa ƙoda da ciki, balle ga dattijuwa mai hawan jini ko olsa, ko wadda ke shan maganin tsinka jini.

Akwai bambanci tsakanin ja da azaba, kuma ina so ku koya wa Hajiya ta rarrabe su. Ja shi ne ta ji gaban gwiwa da cinya sun ɗaure, ba daɗi, amma tana iya numfashi tana magana. Wannan shi ake nema. Azaba ita ce wadda ke sa ta riƙe numfashi, ta ɗaga ƙugu, ta yi ihu. In an kai nan an wuce gona da iri. Ni ban yarda da a danne tsohuwa mutum biyu a tanƙwara mata ƙafa tana kuka ba, ko a asibiti ne. Ana iya samun digiri biyar a ranar, washegari gwiwar ta kumbura a rasa goma, ga tsoro ya shiga ranta, da ta hango mai gashi jikinta ya sandare. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne washegari da safe: in gwiwar ta koma yadda take ko ta fi sauƙi, aikin jiya daidai ne. In ta fi kumbura ta fi tauri, a rage ƙarfi, amma kada a daina.

Sirrin abin shi ne kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Zuwa asibiti sau biyu a sati ba zai lanƙwasa gwiwa ba, can ana aunawa ne ana gyara hanya, aikin a gida yake. Minti biyar zuwa goma duk bayan awa ɗaya ko biyu ya fi awa guda cur sau ɗaya a rana. In lissafin awa zai yi wuya, a ɗaura shi da lokutan salla biyar, a ƙara da hantsi da kuma kafin barci.

Atisayen da na fi so ga mai irin matsayinta shi ne na kujera, domin ita ke riƙe da linzamin. A samu farar kujerar roba mai hannu, mai ƙwari, a jingina ta da bango don kada ta zame. Hajiya ta zauna, ta ja ƙafar baya iya iyawarta, ta dasa tafin a ƙasa. Daga nan ba ƙafar za ta ƙara ja ba, mazaunanta za ta matso da su gaba a hankali, tafin yana nan inda yake. Da ta ji ja sai ta tsaya, ta ƙirga 20 zuwa 30 tana numfashi, ta koma baya, ta maimaita sau biyar zuwa goma. Tana kuma iya ɗora diddigen lafiyayyar ƙafar a gaban idon sawun mai ciwon ta tura ta baya. A sa alama a ƙasa da alli inda babban yatsa ya tsaya. Bayan kwana uku in ta ga alamar ta matsa, ba sai kowa ya lallashe ta ba.

Na kwance kuma, ta kwanta a gado, a sa leda ƙarƙashin diddige don ya yi santsi, a zarga zani ko mayafi a tafin ƙafar ta riƙe bakin biyu, ta jawo diddigen zuwa mazaunai da ƙarfin ƙafar, in ya tsaya ta ƙarasa da hannu. In akwai dakali ko matakala a gidan, ta ɗora ƙafar a kai tana dafe da bango ko wani na riƙe da ita, ta karkato gaba. Keken motsa jiki na tsaye yana da amfani ƙwarai, amma zagaye cikakke yana neman wajen digiri 110, don haka yanzu sai dai a ɗaga sirdin sama ta riƙa lilo da feda gaba da baya. Ku roƙi likitan gashin ya nuna muku yadda ake motsa ƙoƙon gwiwa da yatsu, sama da ƙasa da gefe-gefe, da yadda ake murza tabon tunda ya warke. In ƙoƙon bai zame ƙasa ba, gwiwa ba ta naɗuwa. Akwai wata na'ura da ake ɗora ƙafa a kai tana lanƙwasa ta da kanta. Kada ku kashe kuɗi wajen nemanta, binciken da aka tattara ya nuna abin da take ƙarawa bai taka kara ya karya ba.

Maganar maɗori a taƙaice: babu abin da ya goce balle a mayar, babu abin da ya karye balle a ɗora. Ja da murɗa da ƙarfi na iya karya ƙashin da ke jikin ƙarfen ko ya tsinka jijiyar ƙoƙon gwiwa. Tsaga da ƙaho da shafa wani haɗi a kan tabon kuwa hanya ce ta shigar ƙwayoyin cuta, kuma in suka kama ƙarfe, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire shi.

Dalilin da na ce a koma wurin likitan tiyata yanzu shi ne, ba kowane tauri ne na tabo ba. Zai duba ya tabbata babu cuta a ciki, ya yi hoto ya ga zaman ƙarfen. In komai lafiya, aka dage sati biyu ko uku gwiwar ta ƙi kaiwa 90, akwai abin da ake yi: a sa ta barci ko a yi mata allurar baya, likita ya lanƙwasa gwiwar a hankali da hannunsa har tabon cikin ya saki. Ba yanka, ba ɗinki, 'yan mintuna ne. Yana da ɗan haɗari, musamman ga mai raunin ƙashi, shi ya sa likita ne kaɗai ke yi, kuma ya fi amfani in an yi shi kafin a cika sati 12. Wanda ya bari sai bayan wata shida, sau da yawa sai an shiga da na'urar leƙe an yanke tabon, sakamakon kuma bai kai na farko ba. In aka yi wannan lanƙwasawar, gashi ake komawa a ranar ko washegari, in ba haka ba a koma gidan jiya. Ga waɗanda aka yi wa aikin a Indiya ko Masar suka dawo, kada su zauna da takarda a hannu. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da likitocin ƙashi da sashen gashi, a je da takardun aikin da hotuna a buɗe kati.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Zazzaɓi, ko tabon ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zafi ya ƙaru farat ɗaya har ta kasa takawa. Haka in sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, wannan na iya zama gudan jini, kada a murza, a tafi asibiti. In numfashi ya yi mata wuya ko ƙirji ya riƙe, ko tsakar dare ne a fita. Amma ɗan ɗumi a gwiwar, da ƙarar ƙas-ƙas in tana tafiya, da kumburin yamma, da rashin barci mai daɗi, waɗannan suna iya ɗaukar watanni kuma ba komai ba ne.

Yanzu ga tambayar Hajiya, wadda na san ita ce ta fi ci mata rai. Ba zan yi mata alkawarin da ban isa in cika ba. Zaman tahiya, a ɗora mazaunai a kan ƙafa, yana neman digiri 150 ko fiye, kuma mafi yawan masu gwiwar ƙarfe ba sa kaiwa nan. Tsuguno ma haka, don haka a gyara mata banɗaki, ko a sa na zama ko a sayi kujerar da ake ɗorawa a kan masai, a kuma ɗauke ta daga katifar ƙasa da kujera 'yar tsuguno. Durƙuso shi kansa ba a tabbatar yana lalata ƙarfen ba, sai dai da yawa ba sa jin daɗinsa saboda tabon. Wasu bayan watanni, da izinin likitansu, suna iya kai goshi ƙasa a kan shimfiɗa mai laushi, su zauna a karkace ba a kan ƙafar ba. Ko za ta shiga cikinsu, sai mun ga inda gwiwar ta tsaya da kuma lafiyar ɗaya ƙafar.

Ku tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Yadda za ta haɗa tsayuwa da ruku'u da zama a kujera, malaminku zai yi mata bayani fiye da ni. Abin da ke ɓangarena shi ne, ko sallar kujera tana buƙatar gwiwa ta wuce 90 kafin mutum ya zauna ya tashi cikin natsuwa ba tare da an kama shi ba, haka shiga adaidaita sahu, haka ɗaga ƙafa a wanke wajen alwala. Wannan shi ne abin da za a sa mata a gaba a watan nan.

Ranar da za ku koma asibiti, ku tafi da takardar da aka rubuta awon kowane sati, na lanƙwasawa da na miƙewa, da sunayen magungunan da take sha, da awon suganta in tana da shi. Ku tambayi likitan digiri nawa gwiwar ta kai a ɗakin tiyata bayan ya gama sa ƙarfen, da ranar da yake so ya sake ganinta in ba ta kai 90 ba. Allah ya ba ta lafiya, a gaishe ta da jiki.